Ƙofofin Tungar Gawo

Na san abin da ake faɗa muku a kan dawowata Gummi. Wasu sun ce Baffanku Lawali ne ya yi mini wayo, ya kwashe kamfani ya tafi Abuja. Wasu kuma, musamman dangin mahaifiyarku, sun ce ni ne arziki ya zo har ƙofata na ce masa ya dawo gobe. Maganar ta biyu ta fi kusa da gaskiya, amma ita ma da saura. Lawali bai cuce ni ba, kuma ba na so ranar da na kwanta dama wani a cikinku ya gan shi ya ɗauke kai. Saboda haka bari in ba ku labarin daminar nan yadda ta kasance, ku yanke hukunci da kanku, tunda yanzu duk kun fi ni karatu.

Ni da Lawali ba 'yan uwa ba ne na jini, abota ce ta yi tsawo har kuka tashi kuna ce masa Baffa. A Sakkwato muka haɗu muna koyarwa, shi Turanci ni lissafi, kuma tare muka bar alli muka kama harkar kwamfuta. Shi abin da ya ja shi ciniki ne. Ni kuwa bin diddigi ne, cutar da aka haife ni da ita, wadda ta sa tun ina yaro babu rediyon da ya kwana lafiya a gidanmu. Aikinmu shi ne gina wa mutane shafi a intanet da kuma ba shafin wurin zama. Muna da wata babbar kwamfuta baƙa da ake kira saba, tana zaune a ɗakin baya na ofis, fanka a kanta dare da rana kamar amarya mai jin zafi. A cikinta shafukan mutane suke: makarantu masu zaman kansu, masu sayar da atamfa, asibitoci ƙanana, da 'yan siyasa a lokacin zaɓe. In wuta ta ɗauke mu tayar da janareta, in janareta ya ƙi mu koma addu'a. Haka muka yi shekaru, ba mu yi kuɗi ba, ba mu kuma kwana da yunwa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wani babban kamfani na Abuja ya ce zai haɗiye mu. Zai ɗauke mu aiki mu biyun, ya ba mu gida, ya kwashe shafukanmu zuwa nasa injinan da ba su san ɗaukewar wuta ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: shafin da zai karɓa sai wanda mai shi ya amince, yana da imel da wayar da ake samu. Sauran, waɗanda masu su suka yi ɓatan dabo, a share su a kashe tsohuwar saba. Sun ba mu zuwa ƙarshen dogon hutun makarantu mu sa hannu mu biyu. Lawali ya sa nasa tun ranar. Ni na ce bari in leƙa marasa masu ɗin tukuna, ba don komai ba sai don ba na iya zubar da tukunya ban buɗe murfinta ba.

A nan na ci karo da shafin Malam Isiya. Na tuna shi da ƙyar: wani dogon mutum mai sanyin murya, ya zo ofis sau ɗaya shekaru da dama baya, ya ciro filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, daga cikin wata 'yar fata kamar laya, ya ce yana son wurin da gara ba ta ci, ruwa kuma ba ya jiƙawa. Wani ma'aikacinmu ne ya ɗora masa, ni ban taɓa buɗewa ba. Da na buɗe sai na ga ƙofofi. Babu rubutun maraba, babu hoton mai shi, ƙofofin gidaje ne kawai na wani ƙauye da ya rubuta sunansa a sama, Tungar Gawo. Wata ta langa-langa, wata ta kara, wata asabari ne kawai a rataye, kowace da sunan mai gidan a ƙasanta. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya har na manta da shayina. Wane irin mutum ne zai zagaye gari yana ɗaukar ƙofa ya bar mutane?

Abin da ya hana ni sakat bai ma kai wannan ba. Ita saba tana riƙe sawun duk wanda ya shigo shafi, kamar yadda rairayi ke riƙe sawun akuya. Sauran marasa masu ɗin babu sawun kowa a kansu. Wannan kuwa akwai. Waya ɗaya ce, tsohuwa, tana shigowa duk Juma'a bayan an sauko masallaci, ba ta taɓa shigowa wata rana ba. Tana buɗe ƙofa ta daɗe a kanta, sannan ta wuce ta gaba. Kuma akwai ƙofofin da take tsallakewa kullum, su ɗin dai, ba ta taɓa kuskuren buɗe su ba. Na kira lambar Malam Isiya, aka ce babu ita.

Na nuna wa Lawali. Ya duba da rabin ido.

“Ummaru, mutum ɗaya ne fa. Kwafe masa hotunansa a filas, in ya zo ka miƙa masa.”

“In na kwafe na kashe, Juma'a mai zuwa ya buɗe ya ga wayam. Ta ina zai san inda zai zo?”

“To ka sa hannu, sai ka yi bincikenka daga baya.”

“In na sa hannu an share. Bari in je hutu in dawo.”

Ya yi dariya ya ce ya san ni, in na ga rami sai na zura hannu. Ya ce in je, amma in tuna hutu yana da ƙarshe.

Duk shekara in an rufe makarantu mukan loda ku a mota mu taho Gummi, ku ci masara ku yi ƙiba, mahaifiyarku ta huta da hayaƙin birni. Wannan shekarar damina ta yi kyau, gero ya rufe mutum, fadama ta cika har bakin hanya. Kuna ta ƙirga shanu ta taga kuna faɗa a kan wanda ya riga gani, ni kuwa hankalina yana Tungar Gawo, garin da ban san ko ta wace kusurwa yake ba.

Inna, kakarku, ita ce na gado a tambaya. Washegarin zuwanmu da hantsi tana tsinke zogale a tsakar gida, na ɗaga waya sama ina neman sabis kamar mai roƙon ruwa, sai ta kira ni da sunan da take kirana.

“Sanda, wai shi aikin ga naka, mi kaka yi takamaimai? Kowa yat tambaye ni sai in ce kana gyaran talabijin.”

“Ajiya nika yi, Inna. Mutum shi kawo hotunanai da maganatai, in aje mishi cikin na'ura. Wanda duk ka son gani, ko daga Makka, sai shi buɗe shi gani.”

“Kayan na nan wurinka, kuma ana ganinsu Makka?”

“Hakanan na.”

Ta jinjina kai, ta ce duniya ta zo da abin kallo. Ta tambayi ko na'urar tana cika, ko ɓera na shiga, ko kayan wani na garwayuwa da na wani. Na amsa mata duka, ina jin daɗi, don ko Lawali bai taɓa yi mini tambayoyi masu kyau haka ba. Sannan ta yi wadda ban shirya mata ba.

“To in mai kaya bai komo ba fa?”

“Sai a share.”

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

“Ashe sana'ar ubanka ta kaɗ ɗauka, kab bar ladabinta.”

Ba ku riski Baba ba. Fatoma ne, wato mai masaukin fatake. Masu shanu da masu goro a gidanmu suke sauka in sun zo kasuwa, kuma ɗakin nan na kusa da zaure, wanda kuke ɓuya a ciki in kun yi laifi, shi ne ɗakin ajiyarsu. Inna ta tashi ta kai ni ƙofarsa ta nuna mini wata maƙala, wato ƙugiyar rataye kaya, a jikin azara. Ta ce nan wani ƙunshi ya rataya tun kafin a yaye ni har na yi aure, na wani Bafulatani da ya ce zai je ya dawo. Baba bai kwance shi ba, bai bari an sauke shi ba, kuma duk baƙon da ya zo daga arewa sai ya tambaye shi labarin mutumin. Bayan rasuwar Baba jikan mutumin ya zo ya karɓa. Na tambaye ta me ke ciki.

“Wa yas sani? Ba namu na ba. Fatoma ba ya cewa mai kaya ya ɓace sai ya taka ya tahi ƙohwar gidanai. Kai ka taka?”

Ban taka ba. Abin da na yi kiran waya ne sau biyu ina kishingiɗe a kujera.

Da na ce zan tafi neman gidan Malam Isiya, mahaifiyarku ba ta so tafiyar ba, kuma tana da gaskiya. A lokacin hanyar Anka ba ta biyuwa sai rana ta ɗaga, ta kuma rufe tun kafin la'asar ta yi sanyi, saboda 'yan bindiga. Ta ce hutu muka zo ko farautar mai waya? Ta ce in ƙofa nake son gani ga ta gidanmu nan tana neman kafinta. Na ce mata matambayi ba ya ɓata. Ta ce matambayi ba ya ɓata, amma ana ɗauke shi. Duk da haka ita ta dafa mini ƙwai ta ƙulle a leda.

Adireshin da Malam Isiya ya bar mana na wani kantin magani ne a Bukkuyum, saboda haka can na fara nufa a motar haya. Direba yana ɗaga wa duk motar da ta fito daga gaba hannu, in an ce lafiya lau sai mu ci gaba, fasinjoji su saki numfashi su koma gardamar farashin taki. Ina kallon gonaki, wasu sun yi shar, wasu kuma ciyawa ta cinye su don masu su sun gudu. Ashe mai kantin ƙanin matar Malam Isiya ne. Da na ambaci sunan sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce Malam ya rasu shekaru uku ko huɗu da suka wuce, ciwon ciki, a Anka. Shi ne ya warware mini tambayata ta farko. Ya ce Tungar Gawo tana can bayan Bagega, kuma tana cikin ƙauyukan da gubar dalma ta yi wa ɓarna lokacin da ake kawo dutsen zinariya gida ana niƙawa a tsakar gida, yara suna wasa a cikin garin. Da masu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa suka zo, sun ɗauki Malam, da yake malamin firamare ne, ya riƙa shaida gidan da aka gama. Shi kuwa namiji ne baligi, ba zai shiga gidan matan aure da kyamara ba. Sai ya tsaya a waje ya ɗauki ƙofa. Aiki ya ƙare, hotuna suka rage a hannunsa, ya kasa zubarwa.

“To wa ka buɗe su ran Juma'a?” na tambaye shi.

“Wanga kam ban sani ba. Tahi Anka ka iske yayata Luba, wayar Malam na hannunta. Garin nasu duk ya watse saboda 'yan bindiga, suna can.”

A Bukkuyum na kwana, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani kwalbati ya karye, na ƙara kwana ina kallon kwaɗi. Sabis ya ɗauke ɗif. Da na isa Anka ranar Alhamis ce, saƙonnin Lawali suka shigo a jere, kowane ya fi na baya gajarta. Na ƙarshen cewa ya yi mutanen Abuja sun matso da wa'adi, suna son amsa ranar Asabar.

Mutanen Tungar Gawo suna zaune a wasu gine-ginen da ba a gama ba a gefen gari, kowane iyali da ɗaki ɗaya da buhu a taga. Luba mace ce gajera mai kaifin ido. Da na ce mata ni ne mai ajiye hotunan mijinta sai ta dube ni daga hula har takalmi.

“Ashe mutum na. Ni cewa nike suna cikin wayar.”

Na tambaye ta ko ita ke buɗewa. Ta ce ita ce, kuma ba ita ba ce. Ta ce in dawo gobe in an sauko masallaci, gani ya kori ji.

Na dawo. Aka shimfiɗa mini tabarma a gefe tare da wasu tsofaffi maza, mata kuma suka cika inuwar wani bango, sun fi a ƙirga a kallo ɗaya. An kai wayar caji tun safe, an yi karo-karo an sa mata data. Luba ta zauna a tsakiya ta buɗe shafin, sunayen gidaje suka fito. Ta ɗora yatsa kusa da na farko, ba ta taɓa ba. Sai wata mata ta ɗaga murya.

“Salamu alaikum, gidan Maƙera.”

Wani tsoho kusa da ni ya gyara zama.

“Wa alaikumus salam. Ku shigo.”

Sannan Luba ta danna. Ƙofar ta fito a hankali daga sama zuwa ƙasa, don sabis ɗin ba ƙarfi, aka miƙa wayar hannu zuwa hannu. Wata ta ce ga turmin da aka ara ba a mayar ba. Tsohon ya ce ƙarya ne, turminsu ne tun na kakarsa. Aka yi dariya, aka tuna wanda ya faɗa rijiyar bayan gidan, aka yi wa mamatan gidan addu'a, aka wuce na gaba. Kowane gida sai an yi sallama, sai wani ɗan gidan ya amsa. Da aka zo kan wani suna, gidan Ɗan Ige, matar nan ta yi sallama, aka yi shiru. Ta sake, har sau uku. Babu wanda ya amsa. Luba ta ɗauke yatsanta ta wuce.

Na raɗa wa tsohon tambaya. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa.

“Ba kowa gidan. Waɗansu sun mutu, waɗansu ba mu san inda sunka nuhwa ba. Kai kana shiga gidan da ba a amsa maka ba?”

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Ni da na zauna a ofis da kofin shayi na bi gidajen nan kaf, har da na Ɗan Ige, ban yi wa kowa sallama ba.

Can aka zo gidan wata tsohuwa, Gwaggo Kulu. Ita ta amsa da kanta, kuma da wayar ta iso hannunta ba wanda ya ce ta yi sauri. Na taɓa ganin hoton, asabari ne a kan ƙofar ƙasa, ban ga komai a cikinsa ba. Ta yafito ni ta nuna mini gefen asabarin da farce. 'Yan yatsu ne huɗu suka riƙe shi, da rabin fuska, ido ɗaya yana leƙen mai ɗaukar hoto.

“Hassi ta, jikata. Ita ma tambaya gare ta kamar kai. Ba ta ga wata damina ba bayan wagga.”

Ta ce ba su da wani hotonta. Ta ce gidan ma yanzu babu shi, damina uku ba yaɓe, ya koma gona. Na ce zan wanke mata hoton a takarda, babba, ta rataye a ɗaki. Ta yi godiya ƙwarai. Sannan ta ce a takarda ita kaɗai za ta riƙa gani, nan kuwa gari guda ke zuwa gaishe su. Ban ce musu ana shirin sharewa ba.

Ranar Asabar da safe na hau wani tudu inda sabis ke kamawa na kira Lawali. Na ba shi labari tun daga Bukkuyum. Na san ya taɓa shi, don Lawali ba dutse ba ne. Ya ce to a ware wannan ɗaya, zai roƙi mutanen Abuja su karɓe shi ko da sunansa ne. Mafita ce mai kyau, kuma da na karɓa da yanzu a Abuja kuka girma. Amma tun daren Juma'ar na riga na yi wa kaina tambayar da ta ɓata komai. Wannan na gano shi ne don yana da sawu. Sauran fa? Wa ya ce wanda bai zo bara ba ba zai zo baɗi ba? Ƙunshin Bafulatanin nan ba wanda ya leƙa shi shekara da shekaru.

“Ummaru, kana nufin za ka bi su ɗaya bayan ɗaya?”

“Sai na taka ƙofar kowa.”

“Ba za su jira ka ba. Ni kuma ina da 'ya'ya, na gaji da janareta.”

“Na sani. Ɗauki masu masu ka tafi da su, halalinka ne. Ka bar mini marasa masu da tsohuwar saba.”

“Wannan ba rabo ba ne, ka ba ni shanu ka ɗauki igiya.”

“Igiyar nake so.”

Ya ce ni mahaukaci ne. Muka yi sallama. Kamfanin ya yarda ya ɗauke shi shi kaɗai da shafukan da ke da masu su, ni kuma na sauko daga tudun nan ba ni da aiki.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Ofis ya tashi, zaman Sakkwato ya gagara, na ciro ku daga makarantar da kuke so muka dawo Gummi. Ke Hadiza kin yi wata guda ba ki yi mini magana ba, na sani, kuma ban manta ba. Mahaifiyarku ta sayar da abin da ba ta so sayarwa, ba ta taɓa goranta mini ba sai sau ɗaya, kuma ranar na cancanta. Na buɗe 'yar rumfar buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, wadda kuka sani. Gummi ba ta da wuta da sabis ɗin da za su riƙe saba, saboda haka na sake gina shafukan da hannu, marasa nauyi yadda tsohuwar waya za ta buɗe su da sauri, na kama musu hayar ɗan wuri a wani injin na nesa. Sai da na tabbatar kowane ya zauna sannan na kashe baƙar kwamfutar, ranar Talata, don kada a taɓa Juma'a. Ita ce kuke gani a ɗakin ajiyar Baba, ƙarƙashin maƙalar nan. Inna ce ta ce a sa ta can.

Kafin in sake gina na Tungar Gawo dole in buɗe kowace ƙofa, har da waɗanda ba a amsawa. Na kira Luba na ce ta tambayar mini Gwaggo Kulu yadda zan yi. Na ji muryar tsohuwar daga nesa tana cewa mai masauki ba baƙo ba ne, in yi sallama in shiga in yi aikina, kada dai in tsaya kalle-kalle. Haka na yi. Ku da kuke jina ina sallama ni kaɗai a gaban kwamfuta kuna ƙyaƙyatawa a bayan ƙofa, yau kun ji dalili.

Sauran marasa masu ɗin kuwa, na bi su hutu bayan hutu, kuma gaskiya yawancinsu ba su cancanci kuɗin mota ba. Wani mai takalma ya manta ma ya taɓa yin shafi. Wani ɗan siyasa da ya faɗi zaɓe ya kama hannuna biyu ya roƙe ni in share alkawuransa tun kafin wani ya gani. Lawali da ya ji wannan ya yi dariya har ya ƙware, a nan muka shirya. Saura kaɗan har yau ban samu masu su ba, suna nan.

Ban daina duba sawu ba. Duk Juma'a in na dawo masallaci nakan buɗe in ga tsohuwar wayar ta shigo, in bi ta gida gida, in san yau an daɗe a gidan Maƙera, wato an tayar da maganar turmi. Gwaggo Kulu ta rasu, amma ana buɗe ƙofarta, 'yarta ke amsawa. Shekaru suka wuce a haka. Wata Juma'a cikin damina, ina zaune a zaure ana yayyafi, na ga wayar ta zo kan gidan Ɗan Ige. Na saba ganin ta tsallake, har idona ya riga ya wuce gaba. Sai na ga an buɗe. Na goge tabarau na sake dubawa. An buɗe, kuma an daɗe a ciki fiye da kowane gida.

Nan take na kira Luba. Hayaniya ce a bayanta, wasu na kuka wasu na dariya.

“Luba, kuskure kunka yi?”

“Ba kuskure na ba, Malam Ummaru. Autan gidan na. Shina can wajen haƙar zinariya wata ƙasa tun shina saurayi, bai san inda munka koma ba. Jiya yaz zo. Munka yi sallama yadda munka saba, sai munka ji an amsa.”

Na ce ta gaishe shi. Ta ce yana riƙe da wayar ya ƙi ba kowa.

To wannan shi ne abin da na saya da Abuja. Kuna iya cewa ya yi tsada, ba zan yi muku gardama ba, ku kuka biya rabinsa ba tare da an tambaye ku ba. Abin da nake roƙo ɗaya ne. Yadda ake shiga wurin ajiyar na koya wa Hadiza, ita da ta fi kowa fushi ta fi kowa iyawa. In ba na nan, kada ku bari ya mutu. Akwai sauran gidaje a Tungar Gawo da ake yi wa sallama duk Juma'a, ba a amsa ba tukuna.